Abokina Mai Yabon Babi

Ina koyarwa a Gwaram, zamanin da kuɗin fetur suka fara shigowa, na ɗaura niyyar gama littafina kafin damina. Duk babin da na rubuta sai in kai wa wani abokin aikina. Kullum amsarsa ɗaya: "Malam, ai ba gyara!"

Yabon ya fara ba ni shakka. Rannan da gangan na kashe jarumar labarin, na miƙa masa babin. Da ya dawo da shi na ce, "Ya ka ga yarinyar?"

Ya ce, "Allah ya ba ta miji nagari."

Daga nan na koma karanta wa yayata da baki. Duk inda ta yi hamma, nan nake yankewa. Sai bayan kaka na gama.