Dutsen Gugar Shago Na Huɗu

Shekarar da mai benen da muke haya a Daura ya gaji da rigimarmu a kan wuta, sai ya ɗauko wani injiniya daga Katsina. Mutumin ya kafa wa kowane shago mitarsa, sannan ya bi su da wata siririyar waya, daga wannan zuwa wancan, har ya haɗe su duka a wani allo mai haske a gindin matakala. Duk mai wucewa yana ganin wutar da kowane shago ke ja. Kowa ya ce an huta. Ni kam daga ranar hutu ya ƙare mini.

Ni tela ne, shagona na huɗu. Na biyar na ɗan ƙanin babana ne, wanda da hannuna na koya masa riƙe almakashi. Ga shi yau da injin surfani har biyu, ni kuwa ina nan da kekena na ƙafa, wata biyu rabona da yanka shadda. Da can zato kawai nake ya fi ni aiki. To, allon nan ya zo ya tona. Lambar wutar shagonsa tana ta hawa tun safe, tawa tana kwance kamar akuyar da ta ƙoshi. Wallahi kishi ya ci ni. In zan fita alwala in duba, in na dawo in sake dubawa. Har mai shayin ƙofa ya fara tsokanata: "Malam, yau ma na huɗu azumi yake?"

Sai na ɓullo da dabara, Allah ya yafe mini. Ina da wani tsohon dutsen guga da ba ya yanke wuta. Na jona shi na tsayar a kan bulo, alhali ko ƙyalle babu a teburina. Nan take lambata ta miƙe. Mako biyu ina zaune ina sharɓar gumi, ina fita ina kallon allo ina jin daɗi. Mai shayi ya kama bakinsa.

Ran nan da hantsi sai ga ƙanin nawa ya leƙo, ya rusuna ya gaishe ni kamar kullum.

"Yaya, sannu da aiki. Wallahi na yi maka murna."

"Murnar me?"

"Ai ina ganin lambarka. Shekaranjiya mutanen garin Babban Mutum suka kawo ɗinkin biki na gida guda, ya fi ƙarfina. Kai na yi niyyar kawo wa. Da na ga ko numfasawa ba ka yi, na ce kada in ƙara maka nauyi, sai na tura su wurin wani tela a Zango."

Na ce, "Ka kyauta." To me zan ce?

Ya ɗan shinshina. "Yaya, kamar ina jin ƙauri."

"Guga nake yi."

Ya dubi teburin, ya dubi dutsen a kan bulo, ya sunkuyar da kai. Ya fita, ya ja mini ƙofa a hankali.