Gudun Kawu Sale a Ka'akiyya

Duk wanda ya taɓa cin abinci da Kawu Sale ya san ba shi kaɗai yake zama ba. Tumbinsa ma mutum ne mai zaman kansa, sunansa Alhaji. In an kawo tire na biyu sai ya shafa shi ya ce, "Ni dai na ƙoshi, alhamdu lillahi. Alhaji ne bai ce komai ba tukuna." Fuskar nan ko murmushi babu.

Da ciwon suga ya kama shi, ni na kai shi asibiti, da yake ƙanin mahaifiyata ne. Likita ya ce akwai dabara ga masu ƙiba irinsa: a ruga da ƙarfi na ɗan lokaci, a koma tafiya a hankali, a sake rugawa. Wai kitsen ciki zai ragu, numfashi ya ƙaru.

Kawu ya dube shi. "Ya daktur, a ina ka yi karatu?"

"A Turai."

"Har Turai? Allah sarki! Ai da Safa da Marwa ka shiga. Tsakanin korayen fitilu a yi sassarfa, in an wuce a yi tafiya."

Washegari ya sayo koren fenti, ya shafe turakun lantarki biyu a layinsu na unguwar Ka'akiyya, nan ƙasa mai tsarki. Maƙwabcinsa ya leƙo ya ce, "Ya shaikh, hukuma ta san da wannan?"

"Hukuma ce za ta yi gudun?"

Na saya masa gajeren wando da takalmin gudu. Ya ɗaga wandon da yatsu biyu. "Ina da jikoki. Ba mai ganin gwiwata." A farar jallabiyarsa yake gudun, ya tattare ta da hannu ɗaya, da silifa a ƙafa. Bayan sallar asuba sai ku ji fat-fat-fat, shiru, can kuma fat-fat-fat. Matan layin da jin gudunsa suke ɗora shayi.

Abin da bai gaya wa likita ba, turken na biyu a ƙofar mai ful da tamis yake, wato dafaffen wake da burodi. Na ce, "Haba Kawu! Hutun nan na tafiya ne, ba na ci ba."

"Daktur ya ce kada in tsaya. Ka ga na tsaya? Ina tafe ina ci."

Duk da haka, wallahi abin ya yi aiki. Sikeli bai motsa sosai ba, amma jallabiya ta fara yi masa yawa. Tela ya ce a kawo ya rage.

"Bar ta. Alhaji tafiya ya yi. In ya dawo, ina zai sauka?"

Lokacin da rusau ya iso unguwar Nakkasa, Umma, mahaifiyata, tana tsohon gidanmu can saman dutse, ƙafafunta sun daina ɗaukarta, mota kuma ba ta kaiwa. Kawu ya yi shekaru bai hau wurinta ba saboda haki, sai dai waya. Ranar muna ƙasa muna gardamar inda za a samo kujerar ɗaukarta, muka nemi Kawu muka rasa. Can sai ga shi yana saukowa, Umma a bayansa, ya ɗan yi sauri, ya sassauta, ya sake sauri. Tana dukan kafaɗarsa.

"Sale, za ka kashe ni!"

"Yi haƙuri, Yaya. Hutu yana gaba."

Ya sa ta a mota, ya zauna a kan dutse ya daɗe yana mayar da numfashi. Da ya samu magana ya ce, "Yaya, ke ma ki je ki ga daktur ɗin nan."

Muka fashe da dariya, ita kuwa Umma hawaye take. Ta ce, "Ni na goya shi na hau da shi dutsen nan, yana jariri."

Bara muka kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya yalwata masa kabarinsa, ya sada shi da rahamarsa. Amin.