Ranar da Shafin Rafin Guza Ya Koma Kore

A Rafin Guza aka haifi Sharhabil, a wani gida da ke gangare, layi biyu tsakaninsa da kogin Kaduna. Mahaifinsa direban tirela ne daga Katsina, aiki ya kawo shi ya zauna, a nan kuma ya rasu. Mahaifiyarsa, Inna Mero, ita ta riƙe gidan da sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Tun yana ƙarami ya san kogin nan ba ya jiran hadari. Sai a tafka ruwa can nesa wajen duwatsun Jos, nan gari kuwa rana ƙwal, amma kafin la'asar ka ga jan ruwa ya haye gonakin bakin kogi, shiru, ba ko ƙara.

Da ya gama sakandare ya zauna a wani shagon buga takardu a Unguwar Kanawa. A nan kwamfuta ta shiga ransa. Ya yi difloma, ya koyi rubuta manhaja, daga baya ya samu aiki a wani ƙaramin kamfani a Doka, a saman bene, ƙasansu masu sayar da taya. Mutum ne marar yawan magana. Idan aiki ya cije masa, sai ya cire hula ya kife ta a kan tebur, abokan aikinsa kuma su daina yi masa magana.

Wata shekara ƙungiyar matasan unguwarsu ta kafa na'urar auna ruwa a jikin wani ƙarfe a bakin kogi, suka nemi kamfanin ya yi musu shafin intanet da kowa zai buɗe a wayarsa. Sharhabil aka ba aikin. Ya yi shi da sauƙi: babbar da'ira ɗaya a tsakiyar shafi. Kore, lafiya lau. Ruwan ɗorawa, a fara shiri. Ja, a tashi. Inna Mero ba ta karatun boko, amma launi ba ya ɓace mata, kullum damina sai ta sa an buɗe mata.

Aikin kashi biyu ne. Akwai manhajar da ke karɓar awo daga kogi, a cikinta ya raɗa wa kowane mataki suna da tsayayyiyar lamba: LAFIYA ɗaya, SHIRI biyu, TASHI uku. Akwai kuma ƙirar shafin, wadda babbar kwamfutar da suke kira saba take cikewa kafin ta aika wa wayoyin mutane. Ya so ƙirar ta riƙa kiran matakan da sunayensu kai tsaye daga manhaja, amma duk yadda ya rubuta sunan, sai shafi ya fito fayau, babu komai. Ya gwada, ya sake gwadawa, hula a kife. Damina kuwa ta kawo kai. Sai ya haƙura ya rubuta lambobin tsirara a cikin ƙirar: in uku ce a sa ja, in biyu ce ruwan ɗorawa, in ba haka ba kore.

Shafin ya yi aiki. Amma abin bai taɓa kwanta masa ba, don ya san gaskiya ɗaya ce ya rubuta a wuri biyu, kuma wuraren ba sa ganin juna.

A damina ta gaba kamfanin ya ɗauki wata ma'aikaciya, Ilham, 'yar gidan ma'aikatan gwamnati, mai hannu a aiki. Lokacin Sharhabil yana kwance da zazzaɓin cizon sauro. 'Yan ƙungiya suka roƙi a ƙara mataki ɗaya tsakanin lafiya da shiri, saboda masu gonakin bakin ruwa. Ilham ta ƙara shi a manhaja yadda ya kamata, kowace lamba ta matsa gaba. TASHI ta koma huɗu. Babu wanda ya gaya mata akwai wasu lambobi zaune a cikin ƙirar shafi, ita kuma ba ta da dalilin zato.

Ranar da ya koma ofis, gari ya waye tas. Da hantsi shafin ya nuna ja, mutanen gangare suka fara ɗaure kaya. Bayan azahar wayarsa ta yi ƙara. Inna ce.

"Kai, abin naku ya koma kore," in ji ta. "Rabi'u mai walda ya zo ya nuna mini. Har mun fara kwance kaya."

"Kore, Inna? Daga ja?"

"Kore shar. Mun gode Allah."

Ya san kogi ba ya sauka haka. Ya ce, "Inna, don Allah leƙa ƙofar gida. Kwatar layinmu, ina ruwanta yake tafiya?"

Ya ji takunta, ya ji ƙarar ƙyaure. 

"Inna?"

"Baya yake komowa," ta ce a hankali. "Yana hawowa wajenmu. Ga kuma karan masara a ciki."

"Ki fita yanzu. Kada ki ɗauki komai sai maganinki. Ki ce wa Rabi'u ya ruga masallaci a faɗa a lasifika, kowa ya hau tudu, kada wanda ya sake duba waya."

Ya ajiye wayar, ya buɗe awon da ke shigowa daga kogi. Huɗu. Lambar da shafin bai sani ba, duk abin da bai sani ba kuwa kore yake shafa masa. Jan da aka gani da hantsi ma matakin shiri ne kawai. Ilham ta taso ta tsaya a bayansa, ta karanta layuka ukun nan na lambobi a cikin ƙirar shafin, fuskarta ta sauya.

"Malam Sharhabil, me ya sa ba a kira su da suna ba?"

"Ƙirar ba ta ganin sunayen. Na yi iya yina."

"Ba za ta gan su da kanta ba, sai an miƙa mata. Matsa in gani."

Ta ja kujera. Ta tattara sunayen matakan wuri ɗaya, ta sa saba ta riƙa miƙa su ga kowace ƙira tun lokacin da take tashi. Shi kuma ya goge lambobin, ya rubuta TASHI da SHIRI a gurbinsu, sannan ya juya layin ƙarshe: duk abin da shafi bai gane ba, ja ne. Suna shirin sake tayar da saba aka ɗauke wuta. Intanet ɗin ofis ya mutu. Suka zauna suna jin mai gadi a ƙasa yana fama da igiyar janareto, yana ja yana ƙi. Ta taga ana hango sararin sama wajen kogi, shuɗi, ko ɗigon gajimare babu.

Da wuta ta dawo, da'irar ta koma ja. Bai tsaya ya kalle ta ba, ya sauka ya tare keke mai ƙafa uku.

A bakin titin Rafin Guza ya tarar da jama'a a tsaye, da katifu a ka, da awaki a hannu. An fito da wani tsoho a cikin baro. Inna Mero na zaune a kan buhun gyaɗa, zaninta jiƙe har gwiwa. Kafin magariba ruwan ya kai ƙugu a layinsu. Ba a rasa rai ba. Amma katangu sun zube, kuma injin waldar Rabi'u, da ya fitar da hantsi ya sake mayarwa shago da ya ga kore, ya kwana a cikin ruwa.

Babu wanda ya zage shi. Gaisuwa ce kawai ta gajarce. Ya kai Inna gidan ƙanwarta a Unguwar Kanawa, ya ce ta zauna har a ga bayan damina.

Ba a yi nisa ba shafin ya sake nuna ja, wannan karon da gaskiyarsa. Sharhabil ya bar ofis ya tafi unguwar da kansa. Ya tarar da mata na shanya a kan ragowar katanga, yara na ƙwallo, mai shayi na hura wuta. Rabi'u na tsugune yana haɗa ƙofar ƙarfe da injin aro.

"Malam Rabi'u, ruwa na tafe. Ka duba waya."

Rabi'u ya ɗaga baƙin tabaransa ya dube shi. "Na daina dubawa," ya ce. "In ya zo ma gan shi." Ya mayar da tabarau, tartsatsi ya ci gaba da tashi.

Sharhabil ya ɗan tsaya. Sannan ya naɗe ƙafar wandonsa, ya gangara layin ƙarshe na bakin kogi, ya fara sallama gida-gida yana cewa a tashi.