Ranar da Na Farke Buhunan Hajiya Kaltume

Wata Asabar ce, mako biyu bayan Babbar Sallah, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, na tsuguna a bayan rumfar Hajiya Kaltume a gindin dutsen Uhudu, nan Madina, da reza a hannuna. Hajiya maƙwabciyarmu ce a unguwar Ƙurban, alkama take ƙullawa a leda tana sayar wa alhazai su watsa wa tattabaru. Na daɗe ina haƙon wannan rana.

Wata huɗu kafin nan Ummana ta haihu, jaririn bai zo da rai ba. Tun daga ranar ta zama wata daban. Takan zauna bakin taga da tsintsiya a hannu har la'asar ba ta share komai ba. Ni ke dafa shayi, ni ke wanke kayan ƙannena in shanya a saman soro kafin in ruga makaranta. Ran da matan unguwa suka taru a gidanmu cire ƙwallon dabino, Umma ta buɗe baki da ƙyar ta ce ƙirjinta ya yi mata nauyi, ko wayewar gari ba ta so. Hajiya ko ɗagowa ba ta yi ba. "Aib, ya Hauwa, abin kunya! Kina Madina, ɗanki na kwance a ƙasar Madina, ki ce baƙin ciki? Mutanen gida gona suke sayarwa don su ga nan. Mu baƙar fata ba mu san wannan ciwon ba, na masu ƙoshi ne." Sauran suka ce haka ne. Daga nan Hajiya ta riƙa tare Baba a ƙofa, wai a mayar da Umma Maraɗi wurin danginta kafin ta ba mu kunya. Na tsane ta, har yau ba na ɓoyewa.

Ranar Asabar ɗin na ja rezar daga wuyan buhun alkamarta har ƙasa, na koma na biyu. Alkama ta kwararo kan titi, tattabaru suka sauko kamar an gayyace su biki. Hajiya ta ɗaga takalmi, sai hannun ya tsaya a sama. Ita ce fa kullum ke mana wa'azi cewa tsuntsun Madina ba a korarsa, ga kuma alhazai sun kewaye suna ɗaukar hoto. Haka ta tsaya tana kallo suka cinye tas. Na yi dariya har da hawaye, ban ma gudu ba.

Da yamma ta jawo ni gaban Baba. "Ka gani ko, Malam Sani? Halas, shi ke nan, abin ya fara taɓa 'yar." Baba da ya yi wata biyu yana jan ƙafa, a makon nan ya sayi tikiti. Ranar tafiya Umma ta riƙe fuskata a bakin ƙofa ta ce, "Ke kaɗai kika ji ni. Amma da kin bar mata alkamarta." Ba ta dawo ba. Shekara uku bayan nan ta rasu a Maraɗi.

Yanzu idan 'yata ta ce min ranta babu daɗi, da Larabcinta ma take faɗa, nakan kashe murhu in zauna in saurara. Na kai ta wurin likita da rana tsaka, duk mai kallo ya kalla. Hajiya Kaltume kuwa ta tsufa, ba ta iya tashi. Sau biyu ta aiko in je, tana neman yafiya, ban je ba. Umma ma ta jira a Maraɗi, ba wanda ya zo.