Wandon Kaka

Har yau in na ji warin bagaruwa da aka jiƙa, sai in tuna baya. Kakana nake tunawa, a ƙauyenmu kusa da Tamaske, shekarar farin da muka rayu da jar dawar taimako, ba ganye ba nono.

Ni ce mai yi masa wanki, ina 'yar shekara goma sha biyu. A gidanmu namiji mai iyali bai taɓa sabulu, abin kunya ne ga matan gida duka. Sai ga shi wata safiya na iske tsoho a bayan rumbu, durƙushe, yana cuɗa wandonsa da kansa. Ruwan ƙwaryar ya yi ja.

"Zahi ne," in ji shi, haka muke ce wa basur. "Kak ki hwaɗa ma kowa."

Ni ko ban faɗa wa kowa ba, wayyo ni. Ina zan iya buɗe baki in yi maganar wandon kakana?

Daga nan ya daina hawan jaki, ranar kasuwa sai ya ja shi a ƙasa. In zai zauna kan tabarma sai ya karkace gefe guda. Yana shan jiƙo, yana zama cikin ruwan bagaruwa, jinin bai tsaya ba. Tafin hannunsa ya yi fari fat. Kowa na cewa yunwa ce, ni kaɗai na san abin da ƙasar bayan rumbu take sha kullum.

Ranar da ya faɗi a bakin rijiya aka sa shi mota zuwa asibitin mishan. Likita ya ce basur ne da ake iya aikinsa, amma jininsa ya ƙare, an makara. Ya tambaya tun yaushe yake zubar da jini. Babana ya ce bai sani ba. Ina tsaye a wurin, na san wata bakwai ne.

Yanzu jikokina suna cewa na cika surutu: ku sha ruwa, ku ci zogale, kada ku daɗe kuna yunƙuri a bayan gida. Su yi ta dariya. Bara na iske maigidana, da furfurarsa, yana wanke wandonsa a ɓoye. Na fizge wandon na shanya shi a tsakar gida da jinin a jiki, na aika a kira ɗanmu ya zo da mota.