Takardar Ƙunshin Gyaɗa

Ni dai na san ni wawa ne tun ina ɗan shekara goma, kuma na san ranar da abin ya tabbata: wata Alhamis ta watan Zulƙida, shekarar 1978, lokacin da alhazai suka cika Madina har ba wurin sa ƙafa. A tsakar gidanmu da ke Harra ta Yamma, Inna na suyar gyaɗa da yashi a kasko, ni kuma aikina naɗa takarda kamar mazurari a zuba gyaɗar a kai bakin Harami. Doka ɗaya ce a wannan sana'a, kowace Bahaushiya a unguwar ta san ta: ba a ƙunshi da takarda mai rubutun Larabci, don kada sunan Allah ya faɗi ƙasa a taka. Ta boko kuwa halal ce. Ran nan takarda ta ƙare, ga abokaina na jirana mu je Ƙuba satar dabino, sai na tuna Yaya Sani na da wani ƙaton littafin boko a ƙarƙashin katifa.

Yaya Sani ya girme ni da shekara bakwai. Yayin da muke fasa yatsu da ƙwallo a kan baƙaƙen duwatsun harra, shi yana ɗakin wani ɗalibin jami'a ɗan Zariya da ke haya a gidanmu, yana koyon Turanci. Ɗalibin ne ya bar masa littafin lokacin da zai koma gida. Na yage shafi wajen talatin, ban duba ko ɗaya ba, don ni ko Larabcin ma aji uku na yi malamai suka huta da ni.

Bayan la'asar sai ga maƙwabcinmu Alhaji Isa a ƙofar gida, fuska a murtuke, riƙe da takarda duk maiƙon gyaɗa. Zane ne na wani mutum ɗaure a jikin itace, wuta na cin sa, wani mai doguwar riga ya ɗaga masa gicciye. Gicciye a Madina, daga gidanmu! Baba ya kira mu gaban mutane. Yaya Sani ya ce tarihi ne, Nasaran Turai ne shekaru ɗari huɗu da suka wuce suke ƙona junansu a kan yadda za a bauta wa Allah, shi so yake ya gane yadda maƙwabci ke kai maƙwabcinsa wuta. Baba ya juyo kaina, igiyar raƙumi a hannunsa: "Ya walad, kai da kuke ɗaki ɗaya, me ka gani?" Na kalli igiyar, na san dukan yaga littafi nawa ne. Sai na ce na sha ganin yana sumbatar hoton. Ban taɓa gani ba. Igiyar kawai nake so ta sauya hanya.

Ba a daki kowa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Baba ya daina cin abinci da shi. Mata suka daina sayen gyaɗar Inna. Da aka gama Hajji, aka haɗa Yaya Sani da wani kawunmu zuwa Kano, wai a gyara shi. Iƙamarsa, takardar izinin zama, ta mutu yana can, hanyar dawowa ta toshe. Inna ta ɗauke katifarsa ta jingine a bango, shekara da shekaru ba ta yarda an kwanta a kai ba. Har Baba ya rasu bai sake ambatar sunansa ba, ni kuma kullum sai in ce gobe zan faɗa.

Gyaran da aka yi masa a Kano shi ne ya shige jami'a, daga nan Turai, ya zama farfesan tarihi, a kan waɗancan masu ƙona junan dai ya ƙare rayuwarsa. Ni na zama direban tasi, na san kowane lungu daga Ranuna zuwa Uhudu, sunana ma da ƙyar nake rubutawa.

Yanzu harra ta zama kwalta da benaye, gyaɗa a leda take zuwa, ba mai tambayar wane rubutu ne a jiki. Da Yaya Sani ya zo Umara da furfurarsa, ni na ɗauko shi, ya ce mu fara da maƙabartar Baƙi'a wurin Baba. A hanyar dawowa yake ba ni labarin tsofaffin takardun shari'a da ya karanta, wasu mutanen a kan shaidar ƙaramin yaro aka ƙona su. Yana kallon titi, ba ni ba, ya ce, "Ka san, Ɗanlami, shekara talatin ina neman takarda ɗaya da yaron ya girma ya dawo ya ce ƙarya ya yi. Har yau ban samu ba."