Na Zaɓi Injiniyanci Don Suna, Kwalbatin Da Aka Ba Ni Ya Rushe

Lokacin da na gama sakandare a Kontagora shekaruna goma sha takwas, kuma ban iya komai ba sai lissafi. Mahaifina hatsi yake saye a ƙauyuka yana kawowa kasuwa, bai yi boko ba, amma bai taɓa hana ni littafi ba. Da na gama karatun sharar fage a jami'a, sakamakona ya yi kyau har aka ce in zaɓa da kaina: ko sashen injiniyan gine-gine, ko kuma lissafi da fiziks. Malamin da ya koyar da mu fiziks ya kira ni ofis, ya ce ya lura ni mai son sanin dalilin abu ne, ba mai son ƙera shi ba, don haka in yi tunani sosai. Da na zo hutu na gaya wa Baba, sai ya ce shi bai san bambancinsu ba, in ɗauki wanda zan iya tashi kullum in yi ba tare da an tura ni ba. Ina faɗin wannan ne don kada a ce wani ya tilasta mini. Abokaina ne kawai suka yi ta dariya a majalisa, wai mai digirin lissafi ƙarshensa aji da alli. Ni kuma ina so a ce ga injiniya a gidanmu. A kan haka na cike takarda, na zaɓi injiniyanci.

Shekarar farko ban ji komai ba, domin yawancinta lissafi ce. Daga ta biyu abin ya fara yi mini nauyi. Zanen gini, awon fili cikin rana, gwajin siminti da yashi, duk ina yin su kamar mai shan magani. Sau da yawa nakan saci jiki in zauna a bayan ajin 'yan fiziks ina saurare, alhali namu darasin yana gudana. Na faɗi darussa uku, na maimaita shekara, yajin aikin malamai ya ƙara nasa. Na fito da sakamako mai rauni, kuma na riga na gaji da sana'ar da ban ma fara ba.

Bayan bautar ƙasa, wani ɗan kwangila ya ɗauke ni aiki, ya ba ni kula da ginin kwalbati a kan wani rafi, a hanyar wani ƙauye can gaba da Sahon Rami. Lissafin aikin na yi shi daidai a takarda. Amma zuwa wurin ne ba na so. Ranar da za a zuba kankare ya kamata in tsaya a kansu tun safe, in ga kwaɓin, in ƙirga rodi. Sai na buga wa shugaban magina waya, ya ce komai lafiya, ni kuma na sa hannu ina zaune a gari. Ruwan sama na uku a daminar nan ya tafi da rabin kwalbatin. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma wani mai babur ya faɗa ciki ya karya ƙafa, kuma har tsawon wata guda mota ba ta shiga ƙauyen ba. Da muka je dubawa, mai garin ya tare mu a bakin rafin. Bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ranar da aka zuba simintin nan ina wurin tun safe har la'asar. Kai ne ban gani ba." Ɗan kwangilar bai kore ni ba, tare muka sake aikin, amma na je gaida mai babur ɗin sau biyu na kasa haɗa ido da matarsa.

Yau shekaruna talatin da huɗu, da mata da 'ya'ya biyu, kuma har yanzu aikin nan nake yi. Yanzu ba a zuba ko kwano ɗaya na kankare sai ina tsaye, amma tsoro ne yake kai ni, ba so ba. Na taɓa zuwa tambayar yadda zan koma lissafi da fiziks, aka ce sai na dawo baya sosai, ni kuwa ƙarfin hakan ya ƙare mini.

Ban ce injiniyanci ba shi da kyau ba, na ga waɗanda suke yin sa da farin ciki. Abin da na gane a makare shi ne, wanda ba ya son aikinsa wata rana zai yi sakaci, kuma ba lallai shi ne zai ji ciwon ba. Ƙannena masu cike takardar jami'a, kafin ku zaɓa ku je ku wuni tare da mai yin aikin, ku ga yadda ranarsa take, sannan ku tambayi kanku ko za ku iya shekara talatin a haka. Masu yi muku dariya a majalisa ba za su raka ku wurin aiki ba ko sau ɗaya.